Abin Da Ɗalibin Lauya Ke Koyowa A Bencin Baya

Duk wanda ya shiga Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Maitama da misalin ƙarfe tara na safe, a cikin watannin da Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ke sakin ɗalibanta, zai tarar da waɗansu samari da 'yan mata sanye da baƙi da fari, sun jeru a bayan lauyoyi, kowa da littafi a cinya. Ba su da riga mai fukafukai, ba su da farar hular gashin nan ta Turawa, ba su kuma da ikon buɗe baki su ce wa mai shari'a uffan. Aikinsu kallo da sauraro da rubutu. Amma kuwa a cikin waɗannan 'yan makonni ne ake ƙera irin lauyan da ƙasar nan za ta zauna da shi shekaru talatin ko arba'in masu zuwa, don haka ya kamata jama'a su san abin da ake nuna musu a can.

Asalin al'amarin shi ne, kafin samun 'yancin kai duk mai son zama lauya sai ya ƙetara Ingila, ya koyo dokar Turawa, ya komo gida ya tarar da dokokin da ba a taɓa karantar da shi ba. Wannan ne ya sa aka naɗa kwamitin Unsworth a 1959, aka kafa dokar ilmin lauyoyi a 1962, sa'an nan a watan Janairu na 1963 aka buɗe makarantar a titin Igbosere da ke Ikko da ɗalibai takwas kacal. A 1997 aka mayar da hedikwatarta Bwari, a cikin yankin Abuja, kuma a yau tana da rassa a Ikko da Inugu da Bagauda ta Jihar Kano da Yola da Yenagoa da Fatakwal, dubban ɗalibai na fita daga cikinta kowace shekara. Tun daga gyaran manhaja na 2008 aka ƙara wa koyo a aikace nauyi. Bayan ɗalibi ya yi watanni a aji, sai a tura shi kotu ya yi makonni, a kuma tura shi ofishin wani lauya ya yi waɗansu makonnin, yana rubuta abin da ya gani kullum a littafin da aka ba shi. In ya komo makaranta sai ya zauna gaban malamai su yi masa tambayoyi a kan abin da ya rubuta.

A Amurka ɗaliban lauya sukan yi irin wannan aiki a lokacin dogon hutunsu na tsakiyar shekara, manyan ofisoshi kuma sukan biya su albashi mai tsoka don su gwada wanda za su ɗauka daga baya. A nan kuwa aikin yana cikin karatu ne, ba albashi, ɗalibi ne zai nemi kuɗin motarsa daga Bwari ko Kubwa ko Nyanya zuwa tsakiyar gari. A Ingila wanda zai riƙa tsayawa gaban alƙali sai ya yi shekara guda cur a ƙarƙashin wani gogaggen lauya kafin a sake shi. A Nijeriya an shafe shekaru masu yawa babu wannan sharaɗi, watau ga ɗalibai da dama waɗannan makonni su ne kaɗai zaman almajirci da za su yi kafin wani bawan Allah ya damƙa musu rayuwarsa ko gonarsa.

To, me suke gani?

Darasin farko, wanda ba ya cikin manhaja, shi ne jira. Ɗalibi ya taso tun da asuba, ya zauna a kotu kafin tara, wata rana mai shari'a ya fito a kan lokaci, wata rana sai rana ta take. In an fara, Babban Lauya mai muƙamin SAN yana da damar a kira ƙararsa kafin ta kowa, gata ce da ke tare da wannan muƙami da aka fara bayarwa a 1975, ƙananan lauyoyi kuwa sai su dakata. Sa'an nan a shiga kiran ƙararraki ɗaya bayan ɗaya. Wannan, mai gabatar da ƙara bai zo da shaida ba. Waccan, ba a kai wa ɗaya ɓangaren sammaci ba. Ta gaba, motar gidan yari ba ta kawo wanda ake tuhuma ba. Kowace sai a buɗe kalanda a sa mata wata rana. Ɗalibi yakan wuni bai ji an yi wa shaida ko ɗaya tambayoyin ƙwaƙƙwafi ba, ya koma gida littafinsa cike da kalma ɗaya: an ɗage.

Alhali kuwa shi wannan ɗalibi ya haddace dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, ya san sashe na 396 ya ce da zarar an gurfanar da mutum a riƙa sauraron shari'arsa kullum, in hakan bai yiwu ba kada kowane ɓangare ya wuce ɗagewa biyar, kuma kada tsakanin ɗagewa da ɗagewa ya wuce ranakun aiki 14. Ya rubuta wannan a jarrabawar gwaji ya ci. Yanzu ga shi yana kallon yadda ake yi. Ba duk laifin alƙalai ba ne, gama da yawa daga cikinsu da hannu suke rubuta kowace kalma da shaida ya faɗa, ga jerin ƙararrakin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma ɗalibin yana kuma ganin lauyan da ya miƙe ya nemi ɗagewa don kawai bai karanta fayil ba, ko don jinkirin ya fi amfanar wanda ya ɗauke shi, ya kuma ga babu wanda ya ɗaga gira. Nan haɗarin yake. A makon farko abin yakan ba yaro haushi. A mako na huɗu ya fara sabawa. In ya saba tun bai sa riga ba, da wuya a raba shi da wannan hali bayan ya sa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Darasi na biyu ya fi shafar mai karanta wannan shafi. Harshen manyan kotuna Ingilishi ne, amma mutanen da ake tsayarwa cikin akwatin tuhuma a kotunan majistare na Wuse, ko kotunan yanki na Gwagwalada da Zuba, da yawansu 'yan acaba ne da masu tura baro da masu gadi da makiyaya, waɗanda Hausa ko Gbagyi ko Fulatanci ne harshensu. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma hakkin a sama masa tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Ɗalibin da ke jin Hausa, in ya kasa kunne, zai gane cewa tsakanin abin da lauya ya tambaya da abin da tafinta ya juya da abin da aka rubuta akan sami rata. A Hausa mutum yakan ce "na ji" yana nufin maganar ta shiga kunnensa, ba wai ya amsa laifi ba. Yakan ce "to" don ladabi ga babba. Yakan kira ɗan garinsu "ɗan'uwana", a rubuta kamar uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ƙananan abubuwa ne a baki, amma a takardar kotu suna iya zama shekaru a kurkuku, tun da kotun ɗaukaka ƙara abin da aka rubuta take dubawa, ba ta ga fuskar mutumin ba. Ɗalibin ba shi da bakin magana a ranar. Sai dai in ya riƙe abin a ransa, ran da ya zama lauya zai san ya miƙe ya ce a maimaita fassarar.

Daga kotu sai ofishin lauya, a nan kuwa sa'a ce ke raba rabo. Wani ɗalibi yakan faɗa hannun lauyan da zai zaunar da shi, ya ba shi fayil ya ce ya tsara takardar rantsuwa, ya ja masa jan biro a kan kowane kuskure, ya tafi da shi hukumar rajistar kamfanoni ko ofishin filaye ya ga yadda ake binciken takardar mallaka kafin a sayi fili. Wannan bincike ba wasa ba ne a Abuja, inda fili ɗaya yakan fito da masu shi biyu ko uku, kowa da takardarsa. Wani kuwa yakan ƙare makonninsa yana ɗaukar jaka da buga kwafin takardu. Akwai ma wanda akan ce masa ya tafi gida ya yi karatun jarrabawa, ya komo ranar ƙarshe a buga masa hatimi. Ɗalibin yakan yi murna, gama jarrabawar ƙarshe tana gabansa kuma ita ce ke tsorata kowa. Amma abin da aka koya masa a wannan rana shi ne lauya yana iya sa hannu a kan abin da bai faru ba. A sana'ar da dukanta a kan rantsuwa da sa hannu take, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, kuma babban ne ya fara ta, ba yaron ba.

A ofis ne kuma ɗalibi ke fara ganin mai ƙara ido da ido. A littafi mai ƙara harafi ne kawai, a ce wane ya sayar wa wane da gida. A ofis kuwa bazawara ce da ta zo da takardun gadon marayu a cikin leda, tana ba da labari daga tsakiya, tana komawa farko, tana kuka. Iya zama da irin wannan mace har a tsamo abin da doka ke bukata daga cikin maganarta, ba tare da an wulakanta ta ba, da iya riƙe sirrinta bayan ta fita, babu malamin da zai koyar da su a allo.

Akwai wani wuri na uku da ba a tilasta wa kowa zuwa ba, ko da yake ya fi sauran koyarwa, watau gidan yari. Tun bayan kafa ƙungiyar NULAI a 2003, jami'o'i da dama sun buɗe ofisoshin taimakon shari'a kyauta da ɗalibai ke gudanarwa ƙarƙashin kulawar malamansu, kuma ɗaliban Jami'ar Abuja suna cikin waɗanda suka riƙa shiga gidan yarin Kuje suna tattaunawa da tsararru. Alƙaluman hukumar gidajen yari sun daɗe suna nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A can ɗalibi zai haɗu da mutumin da aka kai gaban majistare a kan laifin da majistaren ba shi da hurumin saurara, aka ce a tsare shi har a sami shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ya kwanta, shi ma ya kwanta. Zai haɗu da wanda aka ba beli amma ba shi da mai tsaya masa a Abuja, danginsa suna can Zamfara ko Yobe ba su ma san inda yake ba. Sau da yawa abin da zai fid da irin wannan mutum bai wuce wasiƙa ɗaya da bin sawun fayil daga wannan tebur zuwa wancan ba. Wanda ya taɓa zama gaban irin wannan mutum, in ya ji an ce "an ɗage" a kotu, ya san a kan wa aka ɗage.

Saboda haka akwai abin da Majalisar Ilmin Lauyoyi da Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya za su iya yi ba tare da kashe wasu kuɗi masu yawa ba. A riƙa tambayar ɗalibai a asirce yadda kowane ofis ya riƙe su, ofishin da aka samu yana buga hatimi a kan littafin da ba a yi aikinsa ba a daina tura masa kowa. Alƙalan da ke kiran ɗalibai ɗakinsu bayan an tashi, su bayyana musu dalilin hukuncin da suka yanke, akwai su, kuma ya kamata abin ya zama ƙa'ida, ba halin kirkin mutum ɗaya ba. Sa'an nan a ware ko da mako guda daga cikin makonnin, a haɗa ɗalibai da Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, su bi lauyoyinta zuwa gidajen yari. Sashe na 34 na dokar 2015 ya riga ya umurci majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda na yankinsa kowane wata yana duba waɗanda ke tsare. Motar da za ta kai shi ba za ta rasa wurin ɗalibi biyu a baya ba.