Wa Ya Ce Gidan Zane Ba Namu Ba Ne?

'Yar'uwata, buɗe jakarki ki ɗauko naira ashirin, ki juya bayanta. Wannan matar da kike gani zaune tana ginin tukunya, ita ce Ladi Kwali. Tun shekarar 2007 hotonta yake kan kuɗin nan, amma mu nawa ne muka san ko sunanta? Wallahi abin kunya ne gare mu.

Ladi Bagwariya ce, 'yar ƙauyen Kwali, a hannun mata ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ajiye tukwanenta a fada, a nan Baturen nan Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantarsa ta tukwane a garin da yau ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Yau tukwanenta suna gidan tarihi a Landan, Turawa na zuwa kallo.

To, mu fa? A 1993 gwamnati ta kafa Gidan Adana Zane-zane na Ƙasa, domin tara aikin hannun 'yan Nijeriya. Da dukiyar jama'a aka yi shi, ke da ni duk muna da haƙƙi. Amma da an ambace shi sai ki ji mace ta taɓe baki: "Ai wannan na 'yan boko ne." Wata ta ce wurin gumaka ne. Haba mata! Tukunya gunki ce? Faifan da kakarki ta saƙa, da ƙwaryar da aka yi wa zane, da hular da kike ɗinkawa har idonki ya yi ja, in ba fasaha ba ce, mece ce?

Mu ne muke sayar da tasoshin iyayenmu da arha don mu jera tangaran ɗin Sin a kabad. Dillali ya sayi hularki, ya kai birni ya ci riba, sunanki ko oho. Mun raina namu, ta yaya wani zai daraja shi?

Ni dai kirana biyu ne. Masu riƙe da gidan nan su fito da kayansa zuwa Kano da Sakkwato da Katsina, su ware ranar mata, su sayi aikin matan karkara su rubuta sunan kowace a jikinsa. Mu kuma mu adana na ɗakunanmu, mu nuna wa 'ya'yanmu mata, mu gaya musu wadda ta yi.

In ba haka ba, wata rana jikarki sai ta nemi biza kafin ta ga aikin hannun kakarta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane.