Laifi Yana Bin Wuri Ne, Ba Ƙabila Ba



Mu da muke zaune a Kudu mun saba da tambayoyi biyu. In mun je gida, a ce mana: "Yaya kuke rayuwa a Legas da 'yan fashi?" In mun dawo, maƙwabta su ce: "Ba ku tsoron masu garkuwa da mutane a Arewa?" Kowa na ganin can ne wuta take ci.

Gaskiya ne, kowane yanki da irin nasa ciwon. A Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, satar shanu ce ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane, saboda ga dazuka irin su Rugu, ga ƙauyuka nesa da jami'an tsaro. A Legas kuwa, cunkoso da yawan kuɗi ne suka haifi ƙwacen waya, motocin wan-cans da damfara ta intanet. A Neja Delta, satar ɗanyen mai da ƙungiyoyin asiri. Ɓarawo yana duba abin da ke kusa da shi ne, da inda ido bai kai ba.

Ko alƙaluma ma sai an yi hattara da su. A rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2017, Legas kaɗai ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na laifukan da aka kai wa 'yan sanda. Shin Legas ta fi ko'ina mugunta ke nan? A'a. A nan caji ofis yana kusa. Manomin da aka kore wa shanu a daji, wa zai kai wa ƙara?

Haɗarin shi ne a mayar da laifin yanki tambarin ƙabila. Mun ga abin da hakan ya jawo a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar Kano daga Fatakwal, bisa zargin su masu garkuwa ne.

Don haka mu ma mu gyara bakinmu: kada mu yi wa masu masaukinmu kuɗin goro. Baƙon da ya sauka a unguwa, mu kai shi wurin Sarkin Hausawa a san da zamansa. Ɓata-garin cikinmu kuma kada mu rufa masa asiri, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.