Mu San Sunayen Waɗanda Suka Mutu Saboda Mu

A ajinmu kusan kowa zai iya lissafo 'yan wasan Barcelona ko Real Madrid. Amma da muka tambayi abokanmu wane ne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, sai aka yi shiru. Wannan abin kunya ne a gare mu.

Abu Ali kwamandan tankokin yaƙi ne. Yana cikin sojojin da suka ƙwato garin Baga daga hannun Boko Haram a 2015, kuma a shekarar aka ƙara masa girma daga Manjo zuwa Laftanar Kanar saboda jarumtarsa. A ranar 4 ga Nuwamba 2016 aka kashe shi a fagen fama a Malam Fatori da ke jihar Borno. Bayan rasuwarsa sojoji suka sa wa filin harbi na dajin Sambisa sunansa.

Malam Fatori garin kan iyaka ne da Nijar, kamar Maigatarinmu. Mu a nan kowace Alhamis kasuwa tana ci, ana shigo da shanu da raƙuma, iyayenmu suna samun na cefane. Mutanen can kuwa gudun hijira suka yi, aka rufe makarantunsu. Da ba a tare wutar a can ba, wa ya san inda za ta tsaya?

Wasu suna cewa ai aikinsa ne, kuma ana biyansa albashi. Gaskiya ne, amma nawa ne kuɗin rai? Mu a ganinmu karramawar ta dace, sai dai ba ta isa ba, domin lambar yabo ba ta saya wa maraya littafi. A Maris 2024, da aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta, Shugaba Tinubu ya ba su lambobin girma, ya kuma yi alkawarin gidaje da karatun 'ya'yansu har jami'a. Muna so a yi wa iyalan kowane soja haka, ko da kurtu ne.

Muna roƙon shugaban makarantarmu, duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, a ba mu minti goma a taron safe mu karanta tarihin soja guda, mu yi masa addu'a. Allah Ya jiƙansu, Ya raya abin da suka bari.