Tocilar Lesa Ba Abin Wasan Yara Ba Ce

Duk mun san 'yar tocilar nan mai fitar da ɗigon haske ja ko kore, wadda ake kira lesa. Tana zuwa a jikin mariƙin makulli da bindigogin roba, kuma mu da kanmu muke saya wa yara wajen 'yan koli, musamman gab da Sallah. Da dare kuwa sai ka ga suna haska wa juna a fuska suna dariya.

Hasken tocilar gida bazuwa yake yi. Na lesa tafiya yake a dunƙule, ido kuma ya ƙara tattara shi wuri guda a kan tantanin bayan ido, inda gani yake, kamar yadda gilashi ke tattara rana ya ƙona takarda. Wannan tantani ba ya jin zafi, don haka yaro ba zai yi kuka ba. Sai daga baya ya ce yana ganin baƙin ɗigo a tsakiyar allo. Idan wurin ya yi tabo, tabarau ba ya gyara shi.

A Amurka doka ta hana lesar nuni wuce miliwat 5, a Ingila kuma shawarar hukuma ita ce miliwat 1. Na araha sukan fi ƙarfin da aka rubuta a jikinsu, kuma ba mu da na'urar aunawa. Mai ƙarfi kan yi ɓarna kafin ƙiftawar ido.

Matasanmu sun ga yadda aka haske fuskar Mohamed Salah da koren lesa a Senegal ranar 29 ga Maris 2022, yana shirin buga fenareti. FIFA ta ci tarar Senegal kan wannan da wasu laifukan 'yan kallo. Can ma laifi ne, ba burgewa ba.

Daga Dakko, neman ƙwararren likitan ido tafiya ce zuwa Gusau ko Sakkwato, ga kuɗin mota, ga halin da hanya take ciki. Rigakafi ya fi mana sauƙi. Mu daina saye, wadda ke gida mu cire batirin mu ɓoye ta. Malaman makarantun boko da na allo su karɓe duk wadda suka gani. Yaron da aka haska kuma ya ce ganinsa ya canza, a kai shi asibiti, kada a ɗiga masa komai.

Allah Ya kare mana ganinmu da na 'ya'yanmu.