Sanƙo gado ne, dashen gashi kuwa ba ya ƙara iri

Daga Tsamaye zuwa Isa, kowane wanzami yana da bayaninsa a kan sanƙo. Wani ya ce hula ce ke cinye gashi, wani ya ce alamar arziki ce. Wannan hirar zaure ce, ba ta cutar da kowa. Mai cutarwa shi ne cinikin da ya shigo ta wayoyinmu: masu sayar da man tsiro da gashi, da dillalan asibitocin Istanbul da ke tallar dashe haɗe da masauki da motar ɗauka daga filin jirgi. Ma'aikacin da ya kunyata da goshinsa suke farauta, kuma jarinsu shi ne rashin saninsa.

Sanƙon maza gado ne. A 1942 masanin Amurka James Hamilton ya nuna cewa bābannin da aka dandaƙe kafin balaga ba sa yin sanƙo. Dalili kuwa shi ne jiki na sarrafa sinadarin mazantaka zuwa wani da ake kira DHT, wanda ke tsuke saiwar gashin goshi da tsakar ka har ta daina fitar da gashin kirki. Ƙwayar gado mafi tasiri a nan tana kan kuromosom X, wanda ɗa namiji ke samu daga mahaifiyarsa, shi ya sa ake cewa a dubi kan kawu. Sai dai ba ita kaɗai ba ce: binciken Jami'ar Edinbura na 2017 a kan maza sama da 52,000 ya gano wurare 287 masu hannu a lamarin, yawancinsu ana iya gadonsu daga uba ko uwa. Babu man kwalbar da zai goge wannan rubutu.

To, dashen fa? Duk manomin albasa a fadamar Gulbin Rima ya san dashe ba ya haifar da iri, daga wurin reno ake cirowa a kai wani wuri. Haka gashi yake. A 1959 Norman Orentreich ya bayyana cewa gashin ƙeya yana riƙe halinsa na rashin zuba ko an sauya masa mazauni. Amma ƙeya ba rumbu marar iyaka ba ce, abin da aka cire ba ya sake tsirowa. Matashi ɗan shekara 25 da ya yi gaggawa zai ga gashinsa na asali ya ci gaba da zuba a bayan layin da aka dasa, ga iri ya ƙare.

Akwai kuma abin da dillali ba ya faɗa wa baƙar fata. Saiwar gashinmu a lanƙwashe take a ƙarƙashin fata, don haka hannun da bai saba da ita ba yakan yanke ta wajen cirewa. Fatarmu kuma ta fi saurin yin tabo mai tudu. Wanzaman Gobir, da suka daɗe suna tsaga da ƙaho, sun san akwai jikin da aska ke bar wa tudu har abada.

Dashe aikin tiyata ne na gaskiya, kuma yakan yi kyau a hannun ƙwararre ga wanda zubar gashinsa ta tsaya. Amma a fara da likitan fata, a Sakkwato ko Kano, ya tantance gado ne, ƙora ce, ko jan kitso ne ga mata. Akwai magunguna biyu da aka tabbatar: minoksidil, wanda Amurka ta amince da shi a 1988, da finastarid a 1997. Rage zuba suke yi muddin ana amfani da su, kuma na biyun yakan taɓa sha'awar wasu mazan. Wanda ya ji duk wannan ya zaɓi dashe, zaɓinsa ne. Wanda kuma ya zaɓi askin ƙwal-kwabo da hularsa, bai rasa komai na mutunci ba.