'Yan Arewa, mu daina gudun ruwa

Makarantarmu a bakin ruwan Legas take, amma duk ranar da 'yan kulob ɗin tuƙa kwale-kwale za su Tarkwa Bay hawa igiyar teku, namu ko ɗaya babu. Wai ruwa ba wasa ba ne.

To ai shi ya sa ya kamata mu je! Da na bi su, darasin farko shi ne ɗaura rigar kariya. Na biyu, a kifar da kai da gangan inda ba zurfi, ka koyi fitowa.

Ku tuna Warrah da Bagwai a 2021. Garuruwanmu ne ake cika jirgi maƙil, ba riga, ba iyo. Mu koya, mu kai gida.

Wa zai zo Asabar?