Kafin a miƙa makunnin Kainji ga kwamfuta

Mutanen Yauri, Ngaski da Shanga sun daɗe da biyan kuɗin wutar Nijeriya. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya cinye gonaki da tsibiran Gungawa, aka tashi dubban mutane daga gidajen kakanninsu. An girka wa tashar injina takwas masu ƙarfin megawat 760. Wutar tana bin babban layi zuwa Birnin Kebbi har ta tsallaka Yamai, amma mai sayar da ƙanƙara a Yelwa ko mai injin niƙa a Warra har yau da janareta yake kwana.

Maganin da hukumomi ke ta ambato shi ne zamanantarwa: a raba mitoci masu kati, a haɗa tashoshi da tsarin SCADA, wato na'urorin da ke bai wa injiniya a cibiyar kula da wuta ta Osogbo damar ganin layin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita, ya buɗe ko ya rufe shi daga kan kujerarsa. Muna goyon bayan hakan. A watan Satumban 2023, gobara a layin Kainji zuwa Jebba ta durƙusar da babban layin ƙasa baki ɗaya, kuma irin wannan tsari na taimakawa wajen killace matsala kafin ta bazu.

Sai dai ƙofar da injiniya ke shiga daga nesa, ɓarawo ma zai iya bi ta cikinta.

Ranar 23 ga Disamban 2015, masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta uku a Yukren, suka kashe wa masu amfani da wuta fiye da 200,000. Ba su kusanci ko turke ɗaya ba. Saƙon imel na yaudara suka fara aika wa ma'aikata watanni kafin ranar, suka saci kalmomin sirri, suka zauna suna nazarin tsarin. Ma'aikatan suna kallo ana sarrafa allon kwamfutarsu, sun kasa hana komai. Abin da ya ceci ƙasar shi ne tsofaffin makunnai na hannu: injiniyoyi suka shiga mota, suka bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya, wuta ta dawo cikin sa'o'i. A nan darasinmu yake. Duk kwangilar zamanantarwa da za ta cire makunnin hannu, ko ta bar tasha ba ma'aikacin da ya iya sarrafa shi, ta sayo mana haɗari da kuɗinmu.

Ga mazauna bakin tafki kuwa, maganar ta wuce duhu. Tsayin ruwan Kainji ne ke yanke wa masunci inda zai jefa koma, ya nuna wa manomin albasa da shinkafa lokacin shiga fadama. Ƙofofin da ke riƙe wannan ruwa bai kamata su taɓa zama a layi ɗaya da kwamfutar da ma'aikaci ke buɗe imel ko Facebook a kanta ba. Kamfanin Mainstream Energy Solutions, wanda ya karɓi tafiyar da Kainji da Jebba a 2013, yana da haƙƙin fito wa jama'a da bayanin cewa an raba su.

Mitar gida ma ba a bar ta a baya ba. A Yulin 2019, wata muguwar manhajar neman kuɗin fansa ta kulle kwamfutocin kamfanin City Power na Johannesburg, mutane da kuɗi a hannu suka kasa sayen katin wuta. Idan haka ta faru da Kaduna Electric, mai raba wuta a Kebbi, Sakkwato, Zamfara da Kaduna, ina tanadin da aka yi wa mai shagon da katinsa ya ƙare da daddare?

Za a ce mana matsalarmu ta yau ɓarayin waya ce da 'yan bindiga masu tumɓuke turaku, kamar yadda Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024. Gaskiya ne. Amma saka tsaro tun ana shimfiɗa tsari ya fi arha a kan lika shi bayan an gama.

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci, sai dai hukunci ba ya dawo da wuta. Hukumar NERC ce ke riƙe da lasisin kamfanonin. Ta wajabta musu binciken tsaro daga masu bincike na waje duk shekara, da atisayen mayar da wuta da hannu, da sanar da jama'a duk lokacin da aka yi musu kutse. 'Yan majalisar da ke wakiltar Yauri, Shanga da Ngaski su nemi ganin rahoton farko.